Ƙwaryar da Ke Hannunka: Magana ga Matashin da Aka Ce Ya Raba Giya

Karatu: Yohanna 2:1-11, Habakuk 2:15, Romawa 14:13-23



Kaka ta yi, dawa ta nuna, Disamba kuma tana ƙofa. Nan da 'yan makonni da yawanmu za mu hau mota zuwa gida, inda bikin aure da gayyar girbi da taron dangi da addu'ar tunawa da mamaci suke jiranmu. A kowane irin wannan taro akwai lokacin da wani babba zai ɗaga kai ya duba wa ya fi ƙuruciya a wurin, ya ce, "Kai, zo ka raba wa mutane." Wani lokaci tuwo ne, ba damuwa. Wani lokaci kuwa tulun burkutu ne a gindin ɗorawa, ko giyar kwalba a cikin durom mai ƙanƙara.

A taron zumuntarmu na makon jiya wata 'yar'uwa ta kawo wannan tambaya: idan kawunta ya sa ta raba giya a biki, ta yi ko kada ta yi? Nan take ɗaki ya rabu biyu. Waɗansu suka ce ba komai, ai ba ita ta sha ba. Waɗansu suka ce ta faɗa masa a gaban kowa cewa ita 'yar haske ce, ba ruwanta da ayyukan duhu. Lokaci ya ƙare ba mu kai ƙarshe ba, shi ya sa na ce bari in rubuta abin da ke zuciyata. Ra'ayina ne, ku auna shi da Maganar Allah da koyarwar ikilisiyarku.

Abin da nake so in faɗa shi ne, hannun da ya miƙa ƙwarya yana da alhaki a kan wanda ya karɓa. Ko ka yarda ka raba, ko ka ƙi, wannan alhakin ne ya kamata ya nuna maka yadda za ka yi.

Ban koyi wannan a aji ba. Ina ɗan shekara 19 aka yi bikin wata 'yar baffana a ƙauyenmu, aka ɗora ni a kan durom ɗin abin sha. Ban taɓa sha ba, ina kuma taƙama da hakan a raina. An ce in riƙa ƙirga kwalabe domin za a mayar wa mai shago da su, saboda haka duk wanda ya karɓa ina sane da shi. Wani yayana, ɗan wan babana, ya zo da babur, ya goyo matarsa. Na miƙa masa ta farko da fara'a, na miƙa ta biyu. A ta huɗu na ga idonsa ya sake, muryarsa ta hau sama. Na miƙa ta biyar. Bayan faɗuwar rana ya tada babur, matarsa a baya, ina kallo. Ba su kai babban titi ba suka faɗa kwalbati. Ya karye a cinya, ya yi watanni a kwance, bai yi noman shekarar ba, har yau yana ɗingishi. Matarsa tana da tabo a goshi.

Washegari kowa cewa yake tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Ni kaɗai na san adadin kwalaben. Ranar Lahadi na tsaya a cikin mawaƙa bakina tsarkakakke, ko ɗigo bai taɓa shi ba, amma na kasa buɗe shi.

Abin da kakanninmu suka sani

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san burkutu ba ya samuwa a yini ɗaya. A jiƙa dawa, a rufe ta har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a tace, a sake dafawa, a bar shi ya tashi. Aikin kwanaki ne, yana cin itace da ruwa da ƙarfin mata. Abin da ya ci wannan wahala ba a raba shi da garaje. Wani Ba'amurke masanin al'adu, Robert Netting, ya zauna a cikin Kofyar, a yankin da yake jihar Filato a yau, a 1964 kuma ya wallafa bincikensa yana nuna cewa a wurinsu da giya ake sallamar masu gayya, da ita ake biyan tara, da ita ake yin al'adun gargajiya. Kabilu da yawa a ƙasarmu haka abin yake gare su.

Saboda haka rabon yana da ƙa'ida. A ƙauyenmu, wadda ta dafa ko wanda zai raba shi yake fara kurɓa a gaban jama'a, domin kowa ya ga ba sammu a ciki. Dattijon da ya fi kowa shekaru shi ake fara ba, sa'an nan baƙo, sa'an nan a bi girma-girma. Mai rabawa yakan durƙusa ya miƙa da hannu biyu, ba ya miƙa wa babba da hagu, ba ya tsaya masa a ka. A gayya sai an tashi daga gona ake buɗe tulu. Ana sha a zaune, a fili, kowa yana ganin kowa. Idan wani ya fara zarce iyaka, tsofaffi sukan yi wa mai ludayi ido, shi ke nan ƙwarya ta daina zuwa wurinsa. A ƙarshe kowa da ƙafa zai koma gida, akwai kuma wanda zai raka shi.

Ba yabon burkutu nake yi ba. Mun san rumbunan da ya cinye kafin damina, mun san matan da suka sha duka saboda shi, mun san kuɗin makarantar da ya tafi gidan giya ranar kasuwa. Haka kuma akwai abin da ke cikin wannan ƙa'ida wanda mai bi ba zai taɓa yi ba, wato zuba wa kakanni nasu rabo a ƙasa kafin a sha. Ba a banza ba ne masu bi na farko a ƙasarmu suka bar giya gaba ɗaya. Ikilisiyoyin da suka fito daga aikin SIM, da SUM da suka sauka a Wase a 1904, da mishan na 'Yan'uwa da suka fara a Garkida a 1923, wato irin su ECWA da COCIN da EYN, sun gaji wannan koyarwa. Ga iyayenmu na bangaskiya, ajiye ƙwaryar giya shaida ce cewa mutum ya rabu da tsafi ya bi Yesu, waɗansunsu kuma sun sha tsangwama a cikin danginsu saboda haka.

Duk da haka akwai gaskiya guda a cikin tsohuwar ƙa'idar. Kurɓin farko da mai rabawa yake yi ma'anarsa ita ce, abin da ke cikin ƙwaryar nan a wuyana yake. Kakanninmu da ba su san Littafi ba sun gane cewa mai rabawa ba itace ba ne. Mu da muke da Littafi a waya mu ne muke cewa, "Ni dai miƙawa kawai na yi."

Yanzu kuma abin ya fi haɗari. Kwalba ba ta bukatar kwanaki, kuɗi kawai take bukata, ana kuma auna girman biki da yawan katan ɗin da aka sauke. Ga ogogoro, ga goskolo da ya lalata samari da yawa a Jos da kewaye, ga barasar leda da yaro zai saya da kuɗin kashewarsa ya sa a aljihun wandon makaranta. Dalilin da ya sa ke nan hukumar NAFDAC ta sanar a watan Fabrairun 2024 cewa ta fara aiwatar da haramcin barasar leda da ta ƙananan kwalabe ƙasa da mililita 200. A 2015 mutane da dama sun mutu a Ode-Irele ta jihar Ondo da kuma a jihar Ribas bayan sun sha ogogoro mai guba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 barasa ta jawo mutuwar mutum miliyan 2.6, miliyan 2 daga cikinsu maza. Sa'an nan wanda dā zai taka da ƙafa zuwa gida, yau babur yake hawa, da mata da yara a baya. An zubar da ƙa'idar, an riƙe shan.

Masu rabawa a cikin Littafi Mai Tsarki

Mun saba karanta ayoyin da suke magana a kan mai sha, irin su Karin Magana 20:1 da 23:29-35 da Afisawa 5:18. Ba mu cika lura ba cewa Littafi yana kuma kallon hannun mai zubawa.

Nehemiya mai shayar da Sarki Artashate ne a fadar Shushan. Ba a ba kowa wannan aiki, domin ran sarki yana hannun mai miƙa masa ƙoƙo. Amanar da Nehemiya ya riƙe ita ta sa a shekara ta 20 ta sarautar, da sarki ya ga fuskarsa a ɓace, ya tambaye shi dalili, har ya ba shi izini da katako da wasiƙu ya je ya gina garun Urushalima. Mutumin Allah ya riƙe ƙoƙon ruwan inabi a fadar arna, bai kuwa ɓata shaidarsa ba.

A Esta 1:8 mun ga Sarki Ahasurus, wanda bai san Allah ba, ya kafa doka a bikinsa na kwana 7 cewa kada ma'aikata su matsa wa kowa ya sha. Sarkin Farisa ya san tilasta wa baƙo sha rashin mutunci ne. Amma shi kansa ba wanda ya iya tsayar da shi. A rana ta bakwai, da ruwan inabi ya hau masa kai, ya aika a kawo Sarauniya Bashti domin a yi kallonta, aurensa ya mutu a kan wannan.

Akwai kuma waɗanda suka mai da ƙoƙo makami. 'Ya'yan Lutu mata sun shayar da mahaifinsu har ya fita hayyacinsa (Farawa 19). Dawuda ya gayyaci Uriya ya sa shi ya bugu, yana neman rufe zunubinsa da Batsheba (2 Sama'ila 11:13). Absalom ya jira sai da Amnon ya sha ya yi nisa kafin ya sa a kashe shi (2 Sama'ila 13:28). A cikin waɗannan labarai uku, laifin mai zubawa ya fi na mai sha. Annabi Habakuk kuma a 2:15 ya furta kaito a kan mai ɗura wa maƙwabcinsa abin sha domin ya ga tsiraicinsa. Annabin da Babila yake, amma ya ɗauki misalin daga abin da kowa ya san mugunta ce. Wanda yake cika wa mutum kofi domin a yi masa dariya, a ɗauke shi a waya yana tangaɗi a sa a WhatsApp, ya karanta ayar nan a hankali.

Sai bikin Kana. Gaskiya ita ce Yesu ya mai da ruwa ya zama ruwan inabi, tuluna 6 na dutse, kowanne yana cin wajen lita 80 zuwa 120. Bulus ma ya shawarci Timoti ya riƙa shan kaɗan saboda ciwon cikinsa (1 Timoti 5:23). Kada mu ƙara wa Littafi abin da bai faɗa ba domin mu ci gardama. Amma ku lura da abu biyu a labarin. Uban bikin ya tona dabarar masu biki ta zamanin: a fara da mai kyau, idan harshen baƙi ya mutu a kawo maras kyau, wato a ci ribar mayensu. Yesu bai bi wannan hanya ba. Na biyu, ma'aikatan da suka ɗebo ruwan sun san inda abin ya fito, sun kuma yi aikinsu bisa umarnin Yesu, kamar yadda Maryamu ta gargaɗe su. Tambayar mai rabawa ke nan: wannan kofin da zan miƙa wa wannan mutum a wannan lokaci, umarnin wa nake bi?

Romawa 14 ta ɗaure maganar. Bulus ya ce kowa ya tabbata a lamirinsa, mai ci kada ya rena marar ci, marar ci kada ya hukunta mai ci, amma ya fi kyau mutum ya haƙura da nama da ruwan inabi idan za su sa ɗan'uwansa tuntuɓe. Ya kuma rufe surar da cewa abin da mutum ya yi yana shakka a zuciyarsa, zunubi ne a gare shi.

Idan za ka ƙi

Ga yawancinmu a wannan zumunta, amsar a fili take. Mun tsaya a gaban ikilisiya mun yi alkawari lokacin baftisma, ikilisiyarmu kuma ba ta yarda da sha ko dafawa ko sayarwa ba. Shawarata ita ce kada ka raba. A wurin burkutu ma al'ada za ta bukaci ka fara kurɓa, ka ga maganar "ban sha ba" ta faɗi tun a nan. Rekabawa a Irmiya 35 annabi ne da kansa ya ajiye musu ruwan inabi a cikin Haikali, suka ƙi saboda umarnin kakansu Yonadab, Allah kuwa ya yaba musu. Riƙe alkawari ba abin kunya ba ne.

Amma ƙi ma yana da ladabi, a nan ne da yawanmu muke faɗuwa. Kada ka jira sai an tara jama'a an miƙo maka ludayi sa'an nan ka ja da baya kamar an nuna maka maciji. Ka kunyata kawunka a gaban surukansa ke nan, ba kuwa zai sake sauraron bishara daga bakinka ba. Je ka same shi tun ana gobe, shi kaɗai, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce, "Kawu, na zo neman alfarma. Ka san na yi alkawari a ikilisiya a kan giya, ba zan iya rabawa ba. Amma ina nan daga safe har dare. Ba ni ɗiban ruwa, ba ni kujeru, ba ni rabon abinci da wanke-wanke." Sa'an nan ka cika maganarka. Ka zaɓi aikin da kowa yake gudu, ka riga kowa zuwa, ka zama na ƙarshen tafiya. Dangi sun gaji da matasan da suke fakewa da addini su zauna a inuwa suna danna waya. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Daniyel haka ya yi a Babila. Bai kifar da teburin sarki ba. Ya roƙi shugaban fadawa, ya kawo wata hanya, ya ce a gwada su kwana 10. Bulus kuma ya gargaɗi Timoti kada ya tsauta wa dattijo, sai dai ya roƙe shi kamar uba (1 Timoti 5:1). Gindin tulu ba wurin wa'azi ba ne. Mutumin da ya sha ba ya jin wa'azi, wanda bai sha ba kuma raini zai ji. Idan kana da magana da kakanka a kan shansa, kai masa itace da safe, ka zauna kusa da shi, ka yi ta a lokacin.

Ka kuma zama mutum ɗaya. Kada ka ƙi taɓa ƙwarya a ƙauye domin dattawan ikilisiya suna gani, ka koma Jos ko Abuja kana sha a ɓoye. Idan kana cikin kwamitin abokan ango, a wurin tsara kasafi ne muryarka take da amfani. Wanda ya sa hannu aka sayi katan 30 ba zai wanke kansa da ƙin riƙe mabuɗi ba.

Idan rabon ya zama dole

Na san ba dukanmu ne muke tsaye a wuri ɗaya ba. Akwai 'yar'uwar da mahaifiyarta gwauruwa ce, da burkutu take biya mata kuɗin makaranta. Akwai ɗan'uwan da aikin da ya samu bayan shekaru yana nema shi ne hidimar baƙi a otal. Akwai abokanmu 'yan Katolika da suke karanta wannan shafi, waɗanda ikilisiyarsu ta hana buguwa amma ba ta hana sha daidai kima ba. Ba zan jefe ku da dutse ba. Wanda lamirinsa yake damunsa a kan aikinsa ya je wurin fastonsa, mu kuma zumunta mu taimaka masa neman wata sana'a maimakon mu yi ta gulmarsa. Amma muddin ƙwaryar tana hannunka, ga abin da nake ganin ƙaunar maƙwabci take bukata.

Abinci da ruwa su riga giya isa gaban mutum. Mai sha da yunwa ya fi saurin buguwa. Kunu da zoɓo da lemo su fito a tire ɗaya da daraja ɗaya, kada wanda ba ya sha ya zama sai ya roƙa, ko a ba shi ruwan ɗumi a kofin roba ana yi masa ba'a.

Tambaya sau ɗaya ta isa. Idan mutum ya ce a'a, ka wuce. Kada ka ce masa, "Haba, ɗaya kawai," kada ka ce, "Kai ba namiji ba ne?" Ba ka san yaƙin da yake yi ba. Wataƙila wata shida ke nan da ya daina, matarsa tana azumi a kansa, kai kuma za ka rushe shi da wasa.

Akwai waɗanda ba za ka ba su ba ko sun roƙa: yaro, mace mai ciki, wanda ka san yana shan magani ko likita ya hana shi, wanda zai tuƙa mota ko babur, da wanda ya riga ya bugu. Kada kuma ka aiki ƙaramin yaro ya sayo ko ya kai, domin a hanya ake koyon kurɓa.

Kada ka ɓoye abin da ke cikin kofi. Buɗe kwalba a gaban mai ita. Kada ka zuba barasa a zoɓo ko a lemo ka yi shiru, ko da sunan wasa. Yi wa yarinya haka domin a sami kanta mugunta ce da Allah zai hukunta, ba wayo ba. Maƙwabcinmu Musulmi da ya girmama mu ya zo bikinmu, a ba shi wurin zama nesa da inda ake sha, a kuma gaya masa gaskiyar abin da ke cikin kowane mazubi. Abin da ba ka san inda aka haɗa shi ba, irin na jarka da ba suna, kada ya bi ta hannunka sam.

Girmama manya yana nan daram: a fara da dattijo, a miƙa da hannu biyu, a rusuna. Amma zuba wa kakanni a ƙasa, wannan ba da hannunka ba. Faɗa tun da wuri, cikin ladabi.

Mu samari kuma, kada mu bar ƙannenmu mata suna zagaya cikin mashaya da tire bayan dare ya yi. Mun san abin da hannun bugagge yake yi. Iyaye, ku ma ku ji wannan.

Wani zai ce, "To idan babba ne ya ce in ƙara masa, ni wa ne da zan hana?" Tambaya ce mai nauyi, ita ce ta kayar da ni a wancan biki. Abin da na koya daga baya shi ne, ba sai ka yi masa musu ba. Kawo masa nama da ruwa. Yi nawa. Je ka raɗa wa mai gida ko wani sa'ansa cewa Baba wane ya isa haka, da babur kuma ya zo. Tsararsa zai iya karɓe makullin cikin raha, abin da kai ba za ka iya ba. Shirya masa wurin kwana, ko ka nemi wanda bai sha ba ya kai shi. Zai yi fushi da daddare. Fushin dare ɗaya ya fi zaman makoki sauƙi.

Wani kuma zai ce, "Shi ba yaro ba ne, shi ya ɗaga ya sha." Gaskiya ne, kowa zai ba da lissafin kansa a gaban Allah. Amma mutum na farko da ya tambayi Allah ko shi makiyayin ɗan'uwansa ne, Kayinu ne (Farawa 4:9), ba na kuwa so in tsaya a layinsa. Na uku zai ce duk wannan sassauci ne, kamata ya yi mu ce haram mu yi shiru. Na fahimci tsoronsa. Sai dai mun daɗe muna cewa haram muna yin shiru, matasanmu kuma suna zuwa gida kowace Disamba ba wanda ya koya musu abin da za su faɗa wa kawunsu. Waɗansu su yi rashin kunya da sunan Yesu, waɗansu su karɓi mabuɗi su raba har a kwashi wani a kwalbati.

Bayan shekaru na sami ƙarfin hali na je wurin yayan nan nawa. Na same shi a ƙofar gida, ƙafar a miƙe. Na ce, "Yaya, ni na ba ka kwalaben nan biyar, na ga ka bugu, na kuma ga ka hau babur ban ce komai ba. Ka gafarta mini." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ƙanena, ai ni na sha." Na ce haka ne, amma ni na miƙa. Muka yi addu'a tare. Ya yafe mini, na kuma gaskata Ubangiji ya yafe mini, amma ƙafar ba ta koma daidai ba.

Yesu ya yi alkawarin lada ga wanda ya ba ɗaya daga cikin nasa ko da kofin ruwan sanyi ne (Matiyu 10:42). Ashe yana lura da abin da muke miƙa wa mutane. Kafin ka hau motar gida a bana, ka yanke shawara tun yanzu, ka san wanda za ka je ka gani tun ana gobe, ka san abin da za ka faɗa masa.

Don tattaunawa a taro mai zuwa: Wane taro ne yake jiranka a gida a wannan Disamba, wa kuma ya kamata ka yi magana da shi kafin ranar? Akwai wani a zumuntarmu da abincin gidansu ya dogara ga giya, me za mu iya yi masa a aikace?

Mu yi addu'a. Ya Uba na sama, ka ba mu hikima da tawali'u sa'ad da muke tsakiyar danginmu. Ka koya mana girmama iyayenmu ba tare da mun karya alkawarinmu gare ka ba. Ka tsare hannuwanmu kada su zama sanadin faɗuwar kowa. Ka 'yantar da 'yan'uwanmu da giya ta ɗaure, ka ta'azantar da gidajen da ta raunata, ka kai mu gida lafiya ka dawo da mu lafiya. A cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.